Kogon Burtun da Na Ɓoye Miki

Kwamba, Suleja,
Litinin, 14 ga Mayu, 1979.

Zuwa ga Rifkatu, sanyin idanuna, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, inuwar maɗaci da tsakar rana, jan furen ɗorawa da ƙudan zuma ke rububinsa, tsadata mai shuɗin ƙirji, wadda muryarta ta fi min kukan kanari daɗi, takunta ya fi na gauraka kyau!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kiyayewar Ubangiji, ke da Baba da Mama da dukan mutanen gida a Diko. Idan har kin damu ki san halin da nake ciki, to jikin dai lau yake: yana sa kakinsa na malamin daji, yana hawa keke, yana zagaya gandu. Amma zuciyar, Rifkatu, tun shekaranjiya Asabar take ci kamar kututturen da gobarar daji ta bari, a waje toka, a ciki ja wur. Jiya a coci kina cikin mawaƙa, kin dubi kowa, har bango kin duba, ni kaɗai idonki ya tsallake. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mama Hilda nas ta yarda ta kawo miki takardar, bayan ta gama yi min faɗan da na cancanta. Ki daure ki karanta har ƙarshe, ko da daga baya za ki hura wutar girki da ita.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa ofishinmu, shekara biyu ke nan? Kika jingine kekenki a jikin dalbejiya, alli duk ya ɓata miki yatsu, kika ce, "Malam, izinin shiga gandu nake nema, ni da mutane. Ba itace za mu sara ba, ba farauta za mu yi ba. Kallo za mu yi, mu rubuta." Na yi dariya a raina. Wa ya taɓa shiga daji don kallo? Amma na ba ki takardar, na ce sai dai ku riƙa shiga tare da malamin daji. Yau zan faɗa miki abin da ba ki sani ba: wani aka fara ba aikin rakiyar, ni na bi maigidana ina roƙo har sai da ya mayar da shi hannuna.

Da mutum biyar muka fara tafiyar Asabar, yau mun haura talatin. Malaman makarantarku, matan da ke ginin tukwane, Alphonsus tela da ba ya rabuwa da lemarsa, Mama Hilda da jakar magani, da Baba Shekwolo, tsohon maharbin da ya rataye bindigarsa ya koma nuna wa mutane sawu. Ke kuma a gaba, da baƙin littafinki mai kauri, kina rubutawa: rana kaza, gefen rafi, cilakowa bakwai, shamuwa ta iso, kaɗanya ta yi fure, marai sun fara saƙa a kan giginya. Mutanen da suka tsufa a gindin Dutsen Zuma ba su taɓa ɗaga kai sun dubi reshe ba, ke kika koya musu yin shiru. Ni kuwa duk sunan da ke cikin littafin nan daga bakina ya fito, ko daga na Baba Shekwolo. Kina nunawa, ina faɗa, kina rubutawa. Ban taɓa neman wani matsayi a duniya da ya wuce wannan ba.

Ranar da ruwa ya tare mu a bakin rafin Iku fa? Kowa ya watse neman mafaka, ni da ke muka faɗa ƙarƙashin gamji ɗaya, kin rungume littafin a ƙirji kin rufe shi da gyale, ke kina jiƙa shi yana bushe. Da ruwan ya tsagaita wani tsuntsu ya yi kuka a cikin ciyawa, kamar ana tsiyaye ruwa daga kwalba. Kika tambayi sunansa, na ce ragon maza. Kika yi ta dariya har da hawaye, kika ce, "Allah sarki, me ya yi wa mutane?" Rannan ni na riƙe miki takalma muka ƙetare rafin, rannan kuma kika fara kirana Tanko, ba Malam. Na koma gida ina ji kamar an ɗora min rawani!

To, sai watan Fabrairu ya kawo mana Dokta Akinola.

Wayyo Rifkatu! Da na san abin da Landirobar nan ta ɗauko, da na ce gadar ta karye. Masanin tsuntsaye daga jami'a, aka ce, ya ji labarin littafinki ya zo ya gani. Ya zo da madubin hangen nesa, ya zo da kyamara, ya zo da littattafai masu hotuna, ya zo da dariyar da ke sa kowa dariya. Ni da idona na ga ya cire madubin daga wuyansa ya rataya miki. Ni da idona na ga ya tsaya a bayanki, ya kama gwiwar hannunki yana juya ki a hankali zuwa reshen da tsirya take. Tsiryar da ni na fara gani! Ni na ji ta, ni na nuna, amma da kika sauke madubin, fuskarki na haske kamar wayewar gari, shi kika juya kika kalla.

Tun daga ranar ban sake sanin zaman lafiya ba. Ina kishin madubin nan, don ya nuna miki abin da yatsana ya kasa matso miki da shi kusa. Ina kishin igiyarsa da ke kwance a wuyanki tun safe har azahar. Ina kishin kujerar gaban motar. Ina kishin Turancin da kuke yi da sauri, ku yi dariya, ni ina baya ina saran ciyawa da adda kamar wanda aka ɗauko haya. Abin da ya fi ci min rai kuwa fensirinsa ne. Na buɗe littafin wata rana, sai na ga a saman kowane suna da na ba ki an ɗora wani dogon sunan Latin, da ƙaramin rubutu mai tsabta. Cilakowata tana ƙasa, nasa yana sama. Ragon mazanmu, namu ni da ke, na ƙarƙashin gamji, shi ma an yi masa sabon suna! Ashe haka ake ƙwace wa mutum daji, ba da zarto ba, da fensir?

Da mugu ne da na ji sauƙi. Amma mutumin kirki ne, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Yana durƙusawa ya gaida Baba Shekwolo, yana ɗaukar wa Mama Hilda jaka, ni kaina yakan ce min, "Malam Tanko, kai ne malamina a nan." Yaya mutum zai yi da abokin hamayyar da ke girmama shi?

Sauran labarin kin san rabinsa, ga ɗaya rabin. Kin san tun da aka ce za a gina sabon babban birni a maƙwabtanmu, har aka karɓi sunan garinmu aka ba shi, manyan motoci ba su daina shigowa ba, kowa katako yake nema. Kin san 'yan katako sun nemi lasin sare kurmin arewa, inda manyan itatuwan kawo da maje suke. Kin san maigidana ya ce in muna da hujja a rubuce, a kai Minna kafin ƙarshen watan Mayu. Kuma kina wurin lokacin da Dokta ya ce duk abin da ke cikin littafin yana da nauyi, amma da za a sami burtu yana ƙwai a kurmin, wannan ita ce hujjar da ta fi kowace, don ya yi ƙaranci a ƙasar nan, kuma sai a kogon tsohuwar bishiya yake haihuwa. Shekara biyu kina jin gurnaninsa da asuba, ba ki taɓa sa shi a ido ba. Kin taɓa ce min, "Tanko, ranar da na ga burtu, ka riƙe ni kada in faɗi."

Ranar ashirin da ɗaya ga Afrilu, bayan an watse daga tafiya, Baba Shekwolo ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, zo mu je." Muka yi tafiyar awa guda da rabi. Rifkatu, na gan shi! Baƙi wuluk, tsayinsa ya kai ƙuguna, maƙogwaronsa ja kamar garwashi, gashin idonsa zara-zara kamar na amarya. Yana tafe yana taƙama, da ƙadangare a baki. Ya tashi da ƙyar, fararen gashin fikafikansa suka bayyana, ya sauka a bakin kogon wani tsohon kawo, sai ga bakin macen ya leƙo ya karɓa. Na tsaya cak ina kallo. Ban yi tunanin Minna ba, ban yi tunanin 'yan katako ba. Ke kaɗai na tuna.

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta na taka keke kamar zan karya shi, na zo in faɗa miki. Na sha kwanar makarantarku, sai ga Landiroba a gindin mangwaro. Ga ki, ga shi, littafin a buɗe a kan murfin injin, kawunanku sun kusa haɗuwa. Ya faɗi wani abu, kika rufe baki da hannu kina dariya. Ba ku gan ni ba. Na sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sai wata murya a cikina ta ce: in ka faɗa, shi zai kai ta a mota, shi zai rataya mata madubi, shi zai riƙe ta kada ta faɗi, sunansa kuma za a rubuta a takarda. Na juya kekena.

Mako uku na haɗiye maganar. Na ce wa Baba Shekwolo kada ya faɗa wa kowa tukuna, wai kada hayaniya ta kori tsuntsun. Na ce wa kaina, bari Dokta ya tafi, sai in kai ki ni da ke kaɗai. Na san sarai in ya tafi da rahoton babu burtu a ciki, kurmin na iya tafiya. Na sani, Rifkatu. Ba zan ce miki ban sani ba. Ni da gwamnati ta ba kaki don in tsare bishiyoyin nan, na ɗora su a sikeli da kishina, kishin ya rinjaya.

Shekaranjiya kuwa, da kika ce mu nufi kurmin arewa mu yi neman ƙarshe, ni na shige gaba. Sau uku muna zuwa mararrabar da za ta kai mu, sau uku ina karkatar da ku yamma. Awa bakwai kuna bina cikin rana da ƙaya. Lemar Alphonsus ta yage, ƙafar Mama Hilda ta kumbura har ta cire takalmi, ke kuma kina ta ba mutane haƙuri, kina cewa, "Tanko ya san dajin nan kamar ɗakinsa, ku ƙara daurewa." Kowace kalma kamar kina zuba min barkono a ciwo. Har Baba Shekwolo ya gaji, ya dogara sandarsa ya ce a gaban kowa, "Yaro, wai ina kake kai mu? Ba ni na nuna maka bishiyar ba?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Ba ki yi ihu ba, da ma kin yi. Kin rufe littafin, kin dube ni, kin ce, "Malam Tanko, ka mayar da mu gida." Malam! Shekara guda da rabi rabon da in ji wannan kalmar daga bakinki. Na fi son a ɗaure ni a jikin kuka a yi min bulala ɗari da in sake jin ta.

Jiya bayan sujada na tafi gidan saukar baƙi wurin Dokta. Ban san ko faɗa ya kai ni ko neman gafara ba. Ya ba ni kujera, ya zuba min shayi, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ni na sani tun a hanya. Mai daji kamar kai ba ya ɓata sau uku." Na zayyana masa inda bishiyar take. Ya rubuta, ya yi godiya. Sai ya ce, "Ta faɗa maka maganar Zariya?" Na ce wace Zariya? Ya ce ya nema miki gurbin karatu, an ba ki, shekara huɗu, daga watan Satumba. Ya ce kin ƙi ba da amsa, kin ce sai kin yi shawara da mutum ɗaya. Ya tambaye ki ko Baba mahaifinki ne, kika ce a'a, Baba ya riga ya sa albarka. Kin ce za ki yi maganar ranar Asabar, a hanyar dawowa.

Asabar ɗin da na ɓata! Kina tafe a bayana ɗauke da rayuwarki za ki miƙo min, ni ina gaba ina yi miki ƙarya da ƙafafuna. Wane irin wawa ne ni?

Amma ki ji sauran, don ba zan sake ɓoye miki komai ba. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Dokta, kana son ta?" Ya cire tabaransa, ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Sannan ya ce, "Abin da nake so ba shi ne maganar ba, Malam Tanko." Bai ce a'a ba, Rifkatu. Bai ce a'a ba! Ashe ba mafarki nake yi ba, ashe idona bai yi min ƙarya ba. Kuma Zariyar da za ki, can yake. Shekara huɗu zai riƙa ganin ki a hanyar aji, da littattafai a hannu, ni ina nan ina ƙirga turakun iyakar gandu. Damina huɗu shamuwa za ta zo ta koma, ke ba kya nan ki rubuta. Ya zan yi da ranakun Asabar? Wa zai tambaye ni sunan tsuntsu?

Duk da haka ga amsata, in har yanzu ni ne mutum ɗayan: ki tafi. Ki tafi ki koyo sunayen nan masu tsawo, ki dawo ki fi shi sani, ki fi ni. Na riga na ga abin da hannuna ke yi in ya ce zai riƙe abu shi kaɗai, ba zan yi miki haka ba. Ba zan yi miki alkawarin na daina kishi ba, don zai zama ƙarya ta biyu. Zan yi kishin motar da za ta ɗauke ki daga tasha, zan yi kishin allon da za ki riƙa kallo, zan yi kishin masinjan da zai riga ni taɓa wasiƙarki. Alkawarin da zan iya shi ne wannan: kishina ni zai riƙa ci, ba zai ƙara cin bishiya ko ɗaya ba, ba zai ƙara cin ƙafar tsohuwa ba, ba zai ƙara cin gaskiyar da ke tsakanina da ke ba. Tafiyar Asabar kuma ba za ta mutu ba. Zan riƙe ta da mutanenki, in riƙa aiko miki abin da muka gani kowane wata, da mummunan rubutuna.

Abu ɗaya nake roƙo, ina durƙushe. Kafin Satumba, ki bari kawuna ya je Diko ya gaida Baba da maganarmu. In kin ce a'a, ba zan ja ba, na san ni na jawo. Bishiyar dai ba ta cikin wannan ciniki: ko kin yafe ko ba ki yafe ba, ta zama taku.

Ga hanyar, don kada ki dogara da ni. Daga turken siminti mai lamba sha ɗaya, ki bi rafi ta hannun dama har inda tukurwa ta yi yawa. Ki ƙetare a kan shimfiɗaɗɗen dutse, ki hau tudu ki sa Zuma a bayanki. Kawo na uku, wanda tsawa ta taɓa sare wa reshe, kogon yana fuskantar gabas. Ranar Litinin mai zuwa Dokta zai tafi Minna da rahoton, don haka Asabar ɗin nan ce ta rage mana. Zan tsaya a turken tun ƙarfe biyar da rabi na safe. Ki zo da kowa. Ki zo da shi, da kyamararsa, da madubinsa. In ya rataya miki zan dubi ƙasa in cije leɓe. Ke za ki shige gaba, ni zan zo a ƙarshe, ina riƙe da Mama Hilda.

Yau da sassafe na koma wurin ni kaɗai, don in tabbatar laifina bai kore su ba. Suna nan. Namijin ya kawo fara, macen ta karɓa, amma ba ta haɗiye ba, sai ta sunkuya da ita cikin kogon. Na matsa a hankali, sai ga ɓawon ƙwai a gindin bishiyar, sai kuma na ji wata 'yar murya siririya daga ciki, tana kuka ba ƙaƙƙautawa. Rifkatu, an ƙyanƙyashe! Na zauna a ƙasa, ni ƙato da kakina, ina share ido da hula. Ɓawon yana naɗe cikin hankici a cikin ambulan ɗin nan, ki buɗe a hankali. Ke ce ta farko da na faɗa wa, kuma kina iya faɗa wa duk wanda kika ga dama tun yau.

Ni ne naki, mai laifi a gabanki, mai kishinki, wanda ba zai duba wata ba ko shekarun sun zama goma, har ranar da za a mayar da shi ƙasa,

Tanko.